Kafin A Kwashe Lambun Kan Rufin Magaza

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ya sayi babbar magazar bakin tasha, ginin nan mai shaguna, Birnin Konni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe, ni ne Illo, mai gadin ginin nan. Na yi ta zarya buro, wato ofishinka, ba a bar ni na gan ka ba, shi ya sa na fito fili da wannan wasiƙa.

Na ji ma'aikatanka suna cewa bayan damina za a gyara ginin, a kwashe ƙasa da shukokin da ke sama, a buga kwano.

Da farko ina so ka san yadda ƙasar ta hau can. Bayan babban fari muka baro Tajaye, ni da matata Hadiza, ba gona ba dabba. Tsohon mai ginin ya ba mu ɗaki ƙarƙashin matakala. Rufin na siminti ne shimfiɗaɗɗe, in rana ta take sai teloli da masu sayar da atamfa su gudo waje don zafi. Hadiza ba ta iya zama ba ta shuka komai ba. Ta nemi izini, aka ba ta. Muka dinga hawa da ƙasa da takin awaki a buhu, ta shuka yakuwa da tattasai da kabewa. Da ganye ya rufe simintin, shagunan suka yi sanyi. Masu haya suna nan, a tambaye su.

Na biyu, batun yoyo. Gaskiya ne kusurwar gabas tana zuba in an yi ruwa mai ƙarfi. Ni ban san aikin gini ba. Roƙona a sa magina su duba, ko za a iya ɗage ƙasar wurin, a shafa kwalta, a gyara indararo, a mayar da ita. In suka ce ginin ba zai ɗauki nauyin ba, zan haƙura.

Amma abin da ya fi yi mini ciwo, ba wanda ya tambaye ni. Ma'aikatanka sun hau da igiyar awo, suka tattake yakuwa, suka sauka ko sannu babu. Hadiza ta rasu bara waccan. 'Ya'yanmu maza biyu sun tafi kurmi cin rani, saƙonsu ya daina zuwa. In an rufe shaguna kowa ya nufi gidansa, sai ni. Da la'asar nakan hau ban ruwa, in zauna cikin ganyen har kiran magariba. Ba ni da wani wurin zuwa.

Ina roƙonka ka hau da kanka ka gani kafin ka sa hannu. In kuma an riga an yanke magana, a dakata mini har shukar bana ta ƙosa in cire iri. Ban san inda zan shuka shi ba, amma zan ajiye.

Allah ya ja zamaninka, ya albarkaci kasuwarka, ya bar ka tare da iyalinka.

Wassalam.

Illo mai gadi, Birnin Konni.