Jita a Gonar Gero

Zuwa ga aminina Kamaruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da duk mutanen gida. Yaya Kano, yaya ɗawainiya? Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Sabis ɗin waya a ƙauyenmu sai an hau tudu, shi ya sa na ba direban motar Tsanyawa wannan takarda.

Jitar lantarkin da ka ara mini ta iso, da sifikarta, da memorin waƙoƙin Turawa na rok da ka ce in zaɓi na koyo a ciki. Na gode, amma wallahi ka cuce ni. Na saurare su tas. Rabinsu ihu ne zalla, kamar ana yanka akuya da wuƙa marar kaifi. Wasu kuma gudunsu ya fi ƙarfin yatsuna, waɗanda tuni tsirkiya ta yayyanka. Ɗaya ce kawai ta kwanta mini a rai, mai sanyin nan da jita ke fara tafiya ita kaɗai kafin ganga ta shigo. Ita nake so in iya, ko da daga ita ba ƙari.

Damuwata Baba ne. Ranar da na jona ta da batirin sola na ɗan taɓa, kaji suka watse, Inna ta zubar da ƙullun koko. Baba ya kira ni ya tuna mini cewa kaf zuriyarmu babu makaɗi, manoma ne mu gaba da baya, kuma ba a gidansa za a fara ba. Ya ce in mayar maka da kayanka. Na dai ɓoye ta a ɗaki ina lallaɓa Inna ta sa baki. Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba: Baba ya tsaya sau ɗaya ya ji na kaɗa abu mai daɗi, sannan ya yanke hukunci.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau.

Naka,
Jamil

Zuwa ga Kamaruddeen,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Ina fata zazzaɓin da aka ce ka yi ya sauka, Allah ya ƙara sauƙi.

Baba ya amince jita ta zauna. Kada ka taya ni murna tukuna. Gero ya fid da kai ya fara ƙosawa, sai ga tsuntsayen jan-baki sun sauko mana kamar hadari. Igiyar gwangwanayen da muke ja ta zama abin wasansu, har a kanta suke hutawa. Nan Baba ya tuna yadda kaji suka watse. Shi da kansa ya ɗora batir a amalanke, ya kafa mini rumfa a tsakiyar gona, ya ce in yi ta yi.

Ka ga inda zaɓen waƙa ya koma: ba ni ke zaɓa ba, tsuntsaye ne. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wadda na fi tsana, wadda riƙon tsirkiya iri uku kacal ake maimaitawa a cikinta, mai ƙara kamar injin niƙa ya shaƙe, ita ce ke tashinsu gaba ɗaya. In na yi kuskure tsirkiya ta yi ƙuwwa, tashin ma ya fi kyau. Tun safe har la'asar ita nake dukawa.

Abin haushin, yanzu na yi farin jini. Maƙwabtan gona suna roƙo in juya sifika wajensu, ana kawo mini dafaffiyar gyaɗa, ana ce mini Sarkin Jan-baki. Baba kuwa a majalisa sai yabon injin korar tsuntsun da ɗansa ya samo daga birni. Injin korar tsuntsu, Kamaruddeen! Da tsakar rana in tsuntsaye sun shiga inuwa nake satar lokaci, in rage murya, in koyi mai sanyin nan. Yatsuna sun yi kanta, waƙar ta fara zama.

Ka huta lafiya.

Amininka,
Jamil

Kamaruddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya, da fatan kowa lafiya. Ni jikina lafiya, zuciyar ce dai.

Jiya da hantsi na hango Baba yana tahowa ta kan iyakar gona, sai na ce yau ce ranar. Na bar mai ƙarar nan, na rage murya, na fara mai sanyin. Wallahi ta zo mini tun daga farko har ƙarshe, ko yatsa ɗaya bai zame ba. Ban taɓa jin abu mai daɗi ya fito daga hannuna haka ba. Baba ya tsaya a bayana bai motsa ba har na gama. Ban ko lura ba ashe jan-baki sun sauka sun baje a kan gero.

Sai ya matso ya durƙusa gaban sifika, ya ƙwanƙwasa ta, ya kara kunne, ya girgiza kai. Cikin tausayi ya ce injin ya lalace, muryarsa ta mutu, kada in damu, ranar kasuwar Ɗanbatta shi da kansa zai kai wa mai gyaran rediyo.

Na dubi geron, abincin gidanmu na shekara guda. Na ce masa bari in gwada gyarawa. Na murɗa ƙara har ƙarshe, na daki mummunar nan iya ƙarfina. Tsuntsaye suka tashi fir. Baba ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata, ya sa mini albarka. Albarkar da na daɗe ina jira ke nan, ta zo, kuma ban taɓa jin ƙyamar hannuna kamar a lokacin ba.

Zan ci gaba da duka har a yanke gero, don ba zan bar tsuntsu ya ci guminmu ba. Da an ɗaure dammuna zan sa jitarka a mota. Baba ya ce in roƙe ka ka bar mana ita har baɗi. Don Allah, in ya aiko, ka ce kana bukatar kayanka.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne naka,
Jamil