Hannun da Ya Zana Dilan

Ni, Delfina Rusconi Treadwell, mai shekara saba'in da bakwai a duniya, na rubuta wannan takarda da hannuna a watan Oktoba na 1981, a gidanmu na bakin kogi a jihar Vermont. Hankalina garau yake, kuma ba wanda ya tilasta ni. Likita ya ce zuciyata ba za ta kai ni bazara ba, shi kuwa mutum ne da bai iya ƙarya ba ko don ya faranta wa tsohuwa rai. Lucian, Winifred, Tobias, ku karanta ta ku uku a ɗaki ɗaya. Na hana lauya ya miƙa wa ɗayanku shi kaɗai.

Na ɗaya. Gida da gonar tuffa na Tobias ne. Shi ya zauna da kuka tafi birni, shi ke share ƙanƙara a ƙofa kowace shekara, matarsa Lorna kuma shekara biyu tana yi mini wanka ban taɓa ganin ta ɓata fuska ba. Ɗakunanku na sama su zauna yadda suke, duk wanda ya zo ya tarar da gadonsa.

Na biyu. Guduma da ƙarafan sassaƙa na mahaifina, Ettore, Lucian ya ɗauka. Ba ku san kakanku ba. Daga arewacin Italiya ya zo yana saurayi, ya ƙare rayuwarsa yana sassaƙa mala'iku a kan duwatsun kabarin masu hali. Ranar Lahadi yakan kai ni maƙabarta, ya nuna mini aikinsa, ya ce, "Delfina, dubi wancan, ya fi mu samun wurin zama mai kyau, ga shi ba ya tari." Shi ya fara sa mini gawayi a hannu, ina zane a kan ɓarin dutse, mahaifiyata tana faɗa wai zai lalata mata 'ya. Ƙurar dutse ta cinye masa huhu yana da shekara arba'in da shida. Lucian, kafaɗarka tasa ce, taurin kanka ma nasa ne.

Na uku. Wannan shi ne dalilin rubutun duka, na daɗe ina kewaye shi.

Babanku Ansel mai zane ne tun kafin in san shi. A makarantar zane ta Boston muka haɗu, yana bayana yana leƙen takardata, ya ce, "Wannan doki ne ko tebur?" Na ce, "Hotonka ne." Bayan shekara biyu muka yi aure. Da aka shiga yaƙi sai sojoji suka ɗauke shi ya riƙa zana abin da ke faruwa a fagen daga. Ya dawo da ƙafafunsa da hannayensa, amma hannun dama rawa yake yi, ko cokali sai ya riƙe da hannu biyu. Kamfanin littattafai yana jiran zanen littafin nan na dila mai shiga jirgin ƙasa. Wata uku yana shiga ɗakin zane yana fitowa, takarda fara fat. Ranar da na tarar ya karya buroshinsa duka ya zuba a murhu, sai na zauna a kujerarsa na zana dilan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kunnen ya yi tsawo." Na rage kunnen. Muka aika da sunansa.

Littattafai tara muka yi haka, cikin shekara goma sha ɗaya. Duk zanen da ke cikinsu hannuna ne. Ba shi ya roƙe ni ba, ni na ce a bar sunansa, domin na ga sunan nan ne kaɗai ke tashinsa daga gado da safe. Sau biyu ya so ya rubuta wa kamfanin gaskiya, sau biyu na yaga wasiƙar.

Winifred, kin gan ni da sassafe kina 'yar shekara goma sha uku, kin shigo neman safarki, buroshi yana hannuna. Ba ki ce komai ba sai bayan shekara ashirin da biyar, ranar da muka binne babanku. Lucian ya miƙe a gaban baƙi yana yabon hannun babansa, kika ce, "Ka tambayi Mama hannun wa." Ya ce miki, "Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, kin fara yi masa sata." Ku biyu kuka juyo kuka dube ni. Ni kuwa na ce, "Winnie, kin gaji, je ki kwanta."

Wannan magana ita ce mafi munin abin da ya taɓa fita daga bakina. Na kare mamaci, na bar 'yata mai rai ta fita da sunan maƙaryaciya a gaban dangi. Shekara tara ke nan Lucian da Winifred ba ku gaisa ba, 'ya'yanku ba su san juna ba, kuma laifin ba na ɗayanku ba ne. Winifred, gaskiya kika faɗa. Ki yafe mini. Kullum kika zo duba ni sai in shirya faɗa miki, sai ki kawo miya ki gyara mini matashin kai, sai ƙarfin hali ya gudu.

Lucian, kai ma ban yi maka adalci ba. Na bar ka kana faɗa a kan abin da ba ka sani ba. Kada ka ji kamar an ƙwace maka uba. Labaran nan tara shi ya ƙirƙiro su, yana kai da kawowa a ɗaki yana kwaikwayon muryar dila har in kasa riƙe buroshi don dariya. Shi ke haɗa launi, domin idonsa bai taɓa rawa ba. Ban taɓa samun jan da ya kai nasa ba bayan ya rasu.

Na huɗu. Asalin zanen littattafan, suna cikin akwatin katako ƙarƙashin matakala, na Winifred ne. Idan za a sake buga su, a sa sunayenmu biyu, nasa a gaba. Kada a goge shi. Manyan zanukansa bakwai na kafin yaƙi, na kogi da na masu yankan katako, na Lucian ne. Ka daɗe kana son a baje aikin babanka mutane su gani. Waɗannan za ka baje. Nasa ne tun daga farko har ƙarshe, kuma sun fi duk abin da na taɓa yi. Na faɗa ne a matsayin mai sana'ar, ba a matsayin matarsa ba.

Littattafan da na yi daga baya da sunana, ku raba wa jikoki, sauran a kai ɗakin karatu na garin nan.

Na biyar. Ku binne ni kusa da babanku. Kada fasto ya tsawaita, mutane za su ji sanyi.

Tobias, kai ne ƙarami, amma kai ka sha wahalar tsayawa a tsakani, kana ɓoye wa wannan cewa ka je gidan wancan. Na sauke maka wannan kaya. Daga bana, bikin godiya na lokacin kaka a teburinka za a yi shi, kujeru su cika, ko da za a ci abincin shiru a shekarar farko. Ta biyu za ta fi sauƙi.

Allah ya yi muku albarka, ku da matanku da mazanku da 'ya'yanku. Ya ba ku lafiyar ido da ta hannu, ya sa ku tsufa kusa da juna. Ku riƙe junanku, ba ku da wasu.

Lucian, kai ne babba, kai za ka fara magana. Ƙanwarka tana nan zaune a ɗakin tare da kai. Ajiye takardar.

Mahaifiyarku,
Delfina