Rifkatu ma ta shiga lissafi

Adda Hauwa,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gida, yaya Malam da yara, yaya kuma ƙafar nan taki? Mu nan Jimeta sai godiya, in ban da gajiya.

Jiya aka zauna kan diyyar ƙaninmu Buba tare da mai tirelar da direbansa ya take shi a hanyar Girei. Wallahi ko fuskar mai tirelar ban so gani ba. Kawu ya lissafa magada: matar Buba da 'ya'yansa uku. Rifkatu, marainiyar maƙwabcinmu da Buba ya goyo ranar da muka gudo daga Michika, ba wanda ya ambace ta. Ni ma na yi shiru, tunda ba ta da gado.

Sai mutumin ya ce, "Baba, ni ba rabon gado na zo ba. Mutum nawa marigayin yake ciyarwa?"

Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Biyar."

Da mutumin ya ji Rifkatu ce ta biyar ɗin, nan take ya ɗauki nauyin karatunta har ta gama. Gangancin direbansa ban yafe ba, Adda, amma shi na miƙa masa hannu. Litinin za ta koma makaranta.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Hamman