Inna Tana Son Ƙofa a Bangon da Ba Ya Son Ƙofa

Malam Bilya,

Don Allah ka taimake ni da shawara, ba ni da wanda zan gaya wa. Na yi karatun gini a Douala, sannan na yi aiki a Buea da wani kamfani mai gina wa ma'aikata gidaje. A can ƙasa ta taɓa motsawa muna cin abinci, na ga katangar bulo ta tsage, ɗakunanmu na ƙarfe kuwa suka yi lilo suka tsaya. Tun ranar na sa a raina irinsu zan gina wa mahaifiyata.

Na ɗauko ƙarafan a jirgin ƙasa zuwa Ngaoundéré, daga nan babbar mota har unguwarmu Roumdé Adjia a Garoua. Sirara ne, ana jera su a tsaye, a rufe da katako ciki da waje. Na gina ɗaki uku a filin marigayi babanmu, inda tsohon gidanmu yake a da. Na zaci za a yi murna. Maƙwabcinmu Goni ya ƙwanƙwasa bangon, ya ce na gina wa Inna ganga. Abokaina sun daina zuwa hira, wai ba a jingina da bangona.

Inna ba ta yi wata biyu a ciki ba ta koma wurin ƙanwarta a Pitoa. A tsohon gidanmu akwai 'yar ƙofa tsakaninmu da gidan Goni, ta nan take shiga wurin matarsa Hindu ba sai ta fita titi ba. Ni na toshe wurin da bangon gabas. Ta aiko cewa in na buɗe ƙofar za ta dawo. To daidai nan ne ƙarafa biyu suka gicciye a cikin bangon, su ke hana shi karkacewa. Na yi mata bayani, ta ce Garoua ba ta taɓa girgiza ba a idonta.

Yanzu ni kaɗai nake cin tuwon saye a ɗaki uku. Wani lokaci nakan kunna rediyo a ɗakinta don in ji kamar da mutum. In yanke ƙarafan ne?

Mai gida ba mutane, Garoua

*

Ɗana,

Kada ka yanke. Inna ta yi gaskiya, girgizar ƙasa ba abin kullum ba ce a nan arewa, amma ka san iskar farkon damina a bakin Binuwai. Ita ma daga gefe take tura bango, kamar girgizar. Ƙarafan tsaye nauyin rufi suke ɗauka. Masu gicciyen nan, da notin da suka kama ƙasan bangon da siminti, su ke riƙe gidan idan an tura shi. In ka cire su ba madadi, ka kwantar da mahaifiyarka a ƙarƙashin abin da kai ma ba ka yarda da shi ba.

Sai dai karatunka ya gaya maka rabin magana ne. Gicciyen ba a wurin aka haife shi ba. Idan bangon yana da tsawo, ana iya ɗaura sabo a gefen inda ƙofar za ta zauna, a kama ƙafafunsa da siminti sosai, a ƙarfafa saman ƙofar da gefunanta, sannan a cire tsohon. Sabo tukuna, kafin a taɓa tsoho. Ka aika zanen ga injiniyan da ka yi aiki a ƙarƙashinsa ya duba, kada ka yanke hukunci kai kaɗai. In ya ce ba zai yiwu ba, a fitar da ƙofar ta wani bangon, a yi mata lungu da zana har gidan Hindu.

Na yaba da niyyarka ƙwarai, samari irinka muke nema. Amma ka auna iska, ka auna nauyi, ba ka tambayi mai ɗakin yadda take wuni ba. Ita ma tana can a gidan wani, nesa da ƙawarta ta shekaru. Kada ka aika saƙo. Ka tafi Pitoa da kanka, ka durƙusa, ka ce mata ƙofa tana zuwa, ka roƙe ta ta zo ta nuna inda take so. Ka bi ta wurin Goni ma, katangarsa ce za a huda, ka nemi izininsa.

Allah ya dawo maka da Inna lafiya, ya sa ku ga damina tare.

Malam Bilya