Rodi Mai Mili Goma

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin naka, ya ƙafar? Ya iyali? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san labarin benen makarantar da ya rufta ya iso maka. Yara tara muka rasa. Jiya na je wurin, 'yan rakiya na bina da laima kamar zan narke. Na tsuguna na zaro guntun rodi daga ɓaraguzai. Shekara ashirin ina sayar da ƙarfe kafin a fara ce mini Mai Girma Gwamna, yatsuna ba sa buƙatar awo. Kaurinsa mili goma ne, Yaya. Na shagonmu ne, har da jan fentin da nake shafa wa bakinsa don ya wuce a matsayin sha biyu. A kan haka ka ajiye mini makullin shagon ka tafi, ni kuma na ce ba ka da kan kasuwa.

An kama maginin. Ka tuna shi, dogon nan mai tsokanarmu wai zuciyar mai sayar da ƙarfe ma tsatsa take yi. Na kafa kwamitin bincike, aka yi ta tafa mini.

Ka sa ni a addu'a.

Ƙaninka.

Yaya,

Ina sake gaishe ka, da fatan kowa lafiya. Ba ka ba ni amsa ba, kuma ban ga laifinka ba.

Kwamitin ya kawo mini rahoto tun bai gama jin shaidu ba. Wai maginin ne ya sayar da rodin kirki ya sa na banza. Injiniyan da ya rubuta haka ya san inda kayan suka fito, amma a ofishin nan sai an karanta fuskata ake buɗe baki. Maginin ya ce shi abin da aka sauke masa ya ɗaura, kuma ya ƙi kama sunan mai shagon. Ciwon suga na cinsa a tsare. Kwana uku matarsa na bakin ƙofa tana roƙon a bar ta ta gan ni, wai ni ne gatansu.

Sau biyu ina kiran sakatare don in faɗi gaskiya. Na farko na ce ya rage sanyin ɗakin, na biyu na tambaye shi ƙarfe nawa. Ni matsoraci ne, ka sani tun muna yara. Kunya ta ishe ni, kuma ina son kujerar nan, ba zan ɓoye maka ba.

Ranar Litinin za a rufe jin shaidu. Cikin waɗanda suka san abin nan, kai kaɗai ne ba ka shakkata. Don girman Allah ka zo gaban kwamitin ka tona ni, ni ba zan iya ba. Amma kada ka gaya mini ranar da za ka taso. Na san halina, zan sa a tare ka a hanya.

Ka gaida mutanen gida.

Naka, ƙaninka.