Ƙaramin Baƙi a Sunan Pascoe

Litinin, 7 ga Maris, 1994

An sayar da Fitilar Rami. Jaridar da kakanninmu masu haƙar dalma suka kafa da guminsu, yau ƙungiyar ma'aikata ta ce ta gaji da ɗaukar nauyinta. Merv Zammit, editanmu, shi ya faɗa mini, bakinsa cike da biredi. Na ce wa ya saya? Sai da ya haɗiye tukuna. Noelene Pascoe, mai manyan motocin dako.

Pascoe. A littafin nan nawa kaɗai nake rubuta shi haka, da babban baƙi, don ba mai gani.

Alhamis, 10 ga Maris

Tun yajin aikin 1929, duk gidan da ɗansu ya shiga ramin dalma aiki alhali mutane suna waje da yunwa, da ƙaramin baƙi muke fara sunansu. Ko aure, ko haihuwa, ko sakamakon ƙwallo. Gida goma sha ɗaya, har da su Pascoe. Ba a rubuta dokar ko'ina ba, a kaina take. Shekara arba'in da ɗaya ina duba kurakurai a nan, babban baƙi bai taɓa kuɓuce mini ba.

Na karanta harshen Latin a jami'ar Adelaide. Ga inda ilimin ya ƙare: gadin harafi ɗaya.

Talata, 15 ga Maris

Noelene ta zo. Ta gaisa da kowa, ta tsaya a teburina. “Kai ne Mista Trevaskis. A jaridarka na koyi karatu.” Ban gane nufinta ba, kuma tun safe maganar take cina.

Idan ta ce in gyara sunan, zan ƙi. Idan na ƙi, kora. Mai shekara sittin da biyar, wa zai ɗauka? Gida ba kowa sai rediyo.

Asabar, 19 ga Maris

A mashayar ƙungiya Merv ya ce, “Des, fara koyon babban P, tsoho, ka ga hannunka ya manta hanya.” Aka yi dariya. Su ne fa suka ɗaga hannu aka sayar. Na bar giyata rabi.

Babana ya yi wata tara yana yajin nan na 1929. Har ya mutu ba ya bin layin su Pascoe.

Litinin, 21 ga Maris

Har yau ba ta tayar da maganar sunan ba. Shirun ya fi faɗa ciwo.

Laraba, 23 ga Maris

Tsoho Arthur, uban Noelene, ya mutu. Shi ne wanda ya shiga ramin. Gobe sanarwar rasuwa za ta biyo ta teburina. Na kwashe ƙamusuna biyu da kofin shayina na kai gida, kada a ce in tattara kaya a gaban mutane.

Alhamis, 24 ga Maris

Da kanta ta kawo sanarwar, rubutun hannu. Na shirya maganata tsaf, har da inda zan miƙe tsaye.

Arthur pascoe. Haka ta rubuta. Da ƙaramin.

Na ɗaga kai. Ta ce, “Haka yake sa hannu, har a lasisin tuƙinsa. Ni ma sai da na shiga aji uku malama ta ce ba haka ake rubuta suna ba. Na yi mata gardama, na ce ai haka yake a jarida.” Ta ɗan yi dariya. “Bar shi yadda aka saba, Mista Trevaskis. Ba zai gane kansa ba in aka canja.”

Shekararsa sha bakwai a lokacin yajin, in ji takardar. Ƙanne biyar, uba ya mutu da ciwon huhu. Na san wannan tuntuni. Kowa ya sani.

Ba ta kore ni ba. To me ya hana ni cin abincin rana?

Juma'a, 25 ga Maris

Jarida ta fito. Merv ya shigo da shafi na shida a hannu, ya ce waya ta dame shi tun ƙarfe bakwai, tsofaffin ƙungiya suna tambaya wa ya sa wa Pascoe babban P. Na ce suna ne, suna kuwa da babban baƙi yake farawa, ko ɗan aji uku ya sani. An kawo mini kuskure, na gyara. Aikina ke nan.

Ba wani abu ba ne.

Jana'iza gobe ƙarfe goma. Ban ce zan je ba. Na dai goge baƙin takalmina, dama ya yi ƙura.