Gefen Kawu a Akwatin Kiɗa

Assalamu alaikum Yaya Bilki,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya gida, ya maigidan da yara? Ya zafin Maiduguri, ya kuma ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Bagama lafiya lau.

Akwatin kiɗan da nake haɗawa a shago ya kammala. Fata huɗu na shimfiɗa masa, kowace da wayarta zuwa lasifika, mutum huɗu ke bugawa tare. Ranar sunan ɗan Usman muka fito da shi, Kawu Sale ya ce lallai a ba shi gefe ɗaya. Kin san yadda hannunsa ke rawa yanzu. Na ji tsoron ya ɓata mana kiɗa a gaban jama'a, sai na faki idonsa na zare wayar gefensa.

Yaya, haka ya yi ta bugawa har gumi ya jiƙa masa riga, mata na ta guɗa. Da aka watse ya dafa kafaɗata ya ce, "Nasiru, tun bugun farko na ji gefena shiru. Na ga kana murna ne, shi ya sa ban tsaya ba."

Mutumin da ya fara ɗora hannuna a kan ganga! Na mayar da wayar, amma har yau na kasa taka ƙofar gidansa.

Ki gaida kowa da kowa. Ki sa ni a addu'a, ki kuma faɗa mini da wane baki zan fara ba shi haƙuri.

Ƙanenki,
Nasiru